Kwana-Uku da Hantar Surukinsa

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Duk garin nan babu mai rina hanta kamata. Ni da ido ma nake gane ƙwayar cuta, madubi don cika sharaɗi kawai nake leƙa shi."

Mai wannan magana, ɗan'uwa, shi ne Kwana-Uku, ma'aikacin ɗakin gwaji a wani asibiti. A falon surukinsa ya yi ta, ya harɗe ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa mukullin babur kamar wanda ya ajiye jirgin sama a ƙofar gida. Sunan ba na yanka ba ne. An taɓa tura shi kwas na kwana uku a kan rinin nama. Ranar farko ya sha barci, rana ta biyu ya makara, rana ta uku ya zauna a layin gaba don ya fito a hoto. Ya dawo da takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, ya sa ta a gilashi ya rataye. Shi Ƙwararre yake kiran kansa. Abokan aiki kuwa Kwana-Uku suke ce masa, a gaban idonsa ma, yana amsawa da murmushi don a zatonsa kirari ne.

Surukin nasa, Baba Direba, shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota kafin ya ajiye. Ido ya fara yi masa rawaya, gwajin jini ya ƙi fitar da magana ɗaya, sai likita ta ce dole a tsakuro hantar da allura a duba. Dattijon da birki ya taɓa tsinke masa a gangara bai ko yi salati da ƙarfi ba, ranar da ya ga tsawon allurar nan sai da ya riƙe ƙarfen gado har hannunsa ya yi sanyi. Da aka gama ya rantse cewa sau ɗaya ne tak, ko mutuwa zai yi ba za a sake soka masa ita ba.

Abin da allurar ta fito da shi wani ɗan zaren nama ne, bai kai tsinken ashana tsawo ba. A kan wannan zaren komai ya rataya. In ƙwayar cutar hanta tana ciki, magani ɗaya za a ba shi. In babu, wani maganin ne dabam, wanda in aka kuskura aka ba mai ƙwayar sai ya ƙara mata ƙarfi ta cinye shi. Shi ya sa gidan kowa ya yi jugum, ban da Kwana-Uku.

Wan matarsa, mahauci ne, ya dube shi a kaikaice ya ce, "Ni ma fa kullum hanta nake yankawa, amma ban taɓa cika baki haka ba."

"Kai yanka ka sani, Yaya. Ni ilimi nake yi."

Matarsa ta ce, "Baban yara, ba kai ka ce akwai wata dattijuwa a wajenku da ta fi kowa hannu ba? Ka bar mata mana."

"Gwaggo? Gwaggo tana da shekaru, ni ina da takarda. Gobe kafin azahar za ku ji sakamako daga bakina."

Baba Direba ya gyaɗa kai, ya dafa haƙarƙarinsa na dama inda aka liƙa filasta, ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Hantata tana hannunka."

To bari in shiga da kai ɗakin da ake wannan aiki, don ka san irin ajiyar da aka ba kura. Ɗaki ne dogo mai warin sinadari, ga kwalabe jere a kan kanta, ga famfo yana ɗiga, ga agogon ƙararrawa da ake auna minti da shi. Naman da aka kawo, ana daskarar da shi a cikin kaki, a ɗora a injin yanka, a fere shi siriri fiye da ɓawon albasa. Sai a shimfiɗa yankan a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a ɗauko shi da ɗan gilashi, sannan a rina. In ba a rina ba, ko shekara ka yi kana leƙa madubin da ke ƙara girman abu ba abin da za ka gani.

Gwaggo ta yi shekara ashirin da takwas a kan wannan kanta. Yatsunta sun rine har sun daina wankuwa. Sai dai ba ta da takarda mai zanen zinariya, don haka manya suka ɗora mata Kwana-Uku a matsayin shugaban sashen rini. Ta ce ba komai, ta ci gaba da aikinta, shi kuma ya ci gaba da zagaye da hannu a baya.

Da safe ya shigo, ya tarar ta ɗauko dunƙulen kakin da zaren hantar ke ciki tana shirin ɗora shi a inji.

"Ajiye, Gwaggo. Wannan na gida ne, babban hannu yake so."

"Na gida ne ya sa ya kamata ka bar shi," in ji ta. "Mai nama ba ya yanka nasa a nan."

"Wa ye shugaba a ɗakin nan?"

Gwaggo ta miƙa masa, ta koma gefe ta ja kujera. Gogan naka ya ɗaura kakin, ya kama hannun injin ya fara juyawa kamar mai markaɗe. Ɓawon kaki yana zuba, yana fito da baki.

"A hankali," Gwaggo ta ce. "Zare ne a ciki, ba bulo ba."

"Gyara fuska nake yi."

"Ka wuce fuska, ka kai ƙeya."

Da ya tsaya, rabin hantar Baba tana cikin tarkacen kaki a ƙasan inji. Bai ko girgiza ba. Ya ƙara wa kwanon ruwa wuta wai don yankan ya yi saurin miƙewa. Na farko da ya sa, kakin ya narke, naman ya watse kamar an zuba gari a rafi. Na biyu ma haka. Sai da Gwaggo ta tashi ta zuba ruwan sanyi, sannan ya samu ya kamo gilashi uku. Ta zare kakin daga inji, ta ɗaga shi wajen taga. Haske ya ratsa shi fes, babu ko ɗigon nama.

"Shi ke nan hantar surukinka," ta ce. "Gilashi uku. Ka riƙe lissafin."

"Ɗaya ma ya ishe ni. Biyun ki ajiye don tarihi."

Ya ɗauki na farko ya nufi tsohon rini, wanda suke kira osin. Shi wannan rinin, in ƙwayar cutar tana cikin hanta, sai ya kama ta ta yi ruwan ƙasa mai duhu. Matakansa suna nan rubuce a bango da hannun Gwaggo, takardar har ta yi ja don tsufa. Da farko a tsoma gilashin a wani ruwa shunayya na minti biyar, a wanke shunayyar da wani ruwan har ta fita, sannan a bar shi a cikin osin awa huɗu.

Kwana-Uku ya karanta, ya yi dariya. "A rina abu shunayya, a zo a wanke shunayyar? Ai wannan aikin baban giwa ne. Ni ba na wahalar banza."

"Shi ke buɗe wa rinin hanya," in ji Gwaggo. "In ka tsallake shi, osin ba zai kama komai ba. Kuma ina gilashin shaida?"

Nan ma sai na yi maka bayani. Kowane ɗakin gwaji yana ajiye wata tsohuwar hanta da aka tabbatar ƙwayar cuta ta cika ta. Duk ranar da za a yi rini, ana yanko kaɗan daga cikinta a rina tare da na majiyyaci. In ita ta kama, an san rinin yana da rai. In ba ta kama ba, an san aikin ne ya lalace. Ita ake kira shaida, kuma ko ɗan koyo na sati ɗaya ya san ba a rini babu ita.

"Shaida?" in ji Kwana-Uku. "Kotu muke? Idona shi ne shaida."

Ya jefa gilashin a osin. Awa huɗun ma ya ga ta yi masa yawa, ya rage ta koma ɗaya, wai rinin zai gane hannun gwani ne. Ya ciro, ya rufe, ya kafa ido a madubi. Fili fetal, babu ɗigon duhu ko ɗaya. Kafin Gwaggo ta buɗe baki ya zaro waya.

"Maman yara, gaya wa Baba hantarsa fes take kamar ta jariri. Ni na duba da kaina."

Har daga inda take zaune Gwaggo ta jiyo ihun murna a cikin wayar. Dattijon da ya yi sati biyu a kwance ya tashi ya nemi takalmi, ya bi maƙwabta gida-gida yana gaya musu ya warke, yana sa wa surukinsa albarka.

Wajen sha ɗaya Likita ta shigo. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, maganarta a hankali, amma in ta yi maka tambaya sai ka gwammace mari. Ita ce ke karanta gilashi ta sa hannu a sakamako. Kwana-Uku ya miƙa mata nasa yana washe baki. Ta leƙa, ta ɗago.

"Ina shaida?"

"Likita, ai abin a fili yake."

"Ina shaida?"

Ya fara sosa ƙeya. Ta juya ga Gwaggo ta ce a yanko shaida a bi da ita ta hanyar da ya bi, kar a ƙara kar a rage. Bayan awa guda aka kawo. Likita ta leƙa, ta daɗe, sannan ta ja baya ta ce masa ya zo ya gani. Ya duba. Fili fetal, irin na Baba sak.

"Barka da aiki," in ji Likita. "Mai wannan hantar ƙwayar cuta ta cika shi maƙil, shekararsa tara da rasuwa. Yau ka warkar da shi."

Wani mai kunya da nan zai tsaya. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Kwana-Uku ya ce laifin rinin ne, tsohon yayi ne, tun zamanin kakanni ake fama da shi, shi a kwas rinin zamani aka koya musu. Likita ta ce kar ya sake taɓa komai, Gwaggo za ta yi na biyu in ta dawo daga karɓo kaya a sito. Ita kuma ta wuce taro.

Ƙafar Gwaggo ba ta gama fita ba ya buɗe firij. Rinin zamani a cikin wasu 'yan kwalabe yake masu lamba. Akwai maganin da ke bin ƙwayar cutar ya maƙale mata, akwai na ƙarshe da ke fito da launin ruwan ƙasa a duk inda ya maƙale. Sai dai hanta tana da wani sinadari nata na halitta da ke jawo wannan launin ko babu cuta, don haka kwalba ta ɗaya aikinta ta kashe masa ƙarfi tukuna. Kwana-Uku ya ɗaga kwalba ta ɗaya, ya ga fara ce tas, ya shinshina.

"Ruwa ne kawai. Dabarar 'yan kasuwa ce don kwali ya cika."

Ya mayar da ita. Ya bi sauran a gurguje, yana tsallake wanki tsakaninsu. Da ya zo ta ƙarshe ya tuna na safe bai kama ba, ya ce yanzu ba rowa. Maimakon ɗigo biyu ya tsiyaya takwas, maimakon minti biyar ya bar shi ashirin, ya kama gilashin da yatsa yana jujjuyawa don ya ratsa ko'ina. Ya leƙa madubi. Ruwan ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, babu masaka tsinke.

Ka san abin da mai hankali zai yi, ya jira Likita. Shi kuwa waya ya zaro, ya gyara murya ta koma ta masu ta'aziyya.

"Maman yara, sai haƙuri. Na safe share fage ne. Yanzu na yi na zamani. Cutar ba ta bar ko'ina ba. Ku dai kula da shi, duk abin da ya ce yana so ku ba shi."

Gidan da ake dariya ɗazu ya kaure da kuka. Aka je aka kamo Baba Direba a ƙofar wani maƙwabci yana tsaka da ba da labarin warkewarsa. Ya dawo ya kwanta, ya sa aka kira mahauci daga kasuwa, ya fara rabon huluna da agogo da rediyo, yana neman gafarar kowa har da mai gyaran famfo da ya shigo aiki.

Gwaggo ta dawo ta ga kwalabe a barbaje, ta ƙirga gilashi ta ga saura ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki na ukun ta sa a aljihunta, ta zauna ta dafe aljihun har Likita ta dawo.

Likita ta leƙa aikin zamani. Ta riƙa matsar da gilashin a hankali.

"Hanta ta kama," ta ce. "Jijiya ta kama. Jini ya kama. Gefen gilashi inda babu nama, shi ma ya kama. Zo nan. Wannan mai zagaye-zagayen mene ne?"

Ya leƙa, ya yi wuƙi-wuƙi. "Wataƙila wani sabon nau'in ƙwayar ne, Likita."

"Zanen babban yatsanka ne. Shi ma ciwon hanta ya gama da shi."

Ta tambaye shi ko ya gaya wa wani. Ya ce a'a, sai wayarsa ta ɗauki ƙara, yana ɗagawa muryar mahauci ta fito har waje yana tambaya ko kwana nawa suka rage wa Baba. Likita ta karɓi wayar da kanta, ta ce su share hawaye, na safe ba gaskiya ba ne, na yamma ma ba gaskiya ba ne, babu wanda ya san komai tukuna, gobe za a yi na gaske. Ta karɓi gilashi na uku daga hannun Gwaggo ta kulle a durowarta, ta jefa mukullin a jaka.

Washegari tun takwas sai ga Baba Direba a ofishin Likita, mahauci yana riƙe da shi ta dama, 'yarsa ta hagu. Ya zauna a kujera ya dogara sandarsa.

"Likita, jiya na warke da hantsi, na mutu da la'asar. Yau ba zan tashi daga nan ba sai na ji daga bakin wanda ya san aiki."

Ofishin yana manne da ɗakin rini, ƙofa ɗaya ce tsakani, kuma a buɗe take. Likita ta ba Gwaggo gilashin, ta dubi Kwana-Uku ta ce hannunsa ya zauna a aljihu. Hannu ta hana, ta manta da baki. Ya tsaya a bayan Gwaggo ya daidaita murya yadda za ta kai kunnen surukai.

"Yauwa Gwaggo, shunayya tukuna, kamar yadda na koya miki. Minti biyar, kar ki rage. Ina shaida? Ni fa ba na yarda da aiki babu shaida."

Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta saita agogo, ta tsoma, ta wanke, ta sa gilashin Baba da na shaida a osin, ta rufe kwalbar ta zauna. Awa huɗu cif aka yi. Mahauci ya yi gyangyaɗi ya farka sau uku. Matar Kwana-Uku ba ta ɗaga ido ta dubi mijinta ba ko sau ɗaya. Baba kuwa yana zaune, hannunsa a kan filasta, tsoro ya hana shi ko shan ruwa.

Da ƙararrawa ta buga, Gwaggo ta ciro shaida ta fara dubawa. Ta kama raɗau, ɗigo-ɗigo masu duhu a cikin fili mai haske, aiki kamar a littafi. Ta gyaɗa kai. Ta bi da gilashin Baba ta ruwan wanki ɗaya bayan ɗaya har kwalba ta ƙarshe. Abin da ya rage kawai a ɗiga masa gam a rufe shi da wani siririn gilashi, don in ba a rufe ba naman a tsirara yake, ƙuda ma zai iya ɗauke shi. Ta juya za ta ɗauko kwalbar gam a kan kanta.

A wannan 'yar juyawar Kwana-Uku ya yi tunani, kuma tunaninsa bai taɓa haifar da alheri ba. In Gwaggo ce ta shiga da gilashin nan gaban surukai, girmansa ya zube har abada, mahauci zai yi ta jan sa da shi har a gaban yara. In kuwa shi ya kai, ko banza za a ce da shi aka yi. Ya zaro hannu daga aljihu, ya cafke gilashin, ya yi ofis da shi ƙirji a gaba.

"Baba, ga aikin da na tsaya a kansa tun safe. Likita, bismilla."

Ruwa yana ɗiga daga gilashin. Likita ta miƙe tsaye. "Ba a rufe shi ba. Ajiye shi a tebur."

"Bari dai in goge masa baya, kar ya ɓata miki madubi."

To, gilashin nan yana da fuska yana da baya, kuma a jiƙe kusan iri ɗaya suke. Masu aikin kafin su goge sukan karkata shi wajen haske su ga gefen da naman yake, abin da bai wuce ƙiftawar ido ba. Ƙwararre ba shi da lokacin wannan. Ya kifa gilashin a hannun farar rigarsa ta aiki ya goga. Ya ɗaga, ya hura masa iska kamar mai gyara tabarau, ya sake gogawa da ƙarfi. Gilashi ya fito yana walƙiya.

Ya dube shi. Ya juya ɗaya gefen, ya ga ruwa yana nan bai taɓu ba. Ya sake juyowa. Zufa ta keto masa daga goshi har wuya. Gwaggo ta iso bakin ƙofa da kwalbar gam a hannu, ta tsaya cak.

Likita ta karɓi gilashin da yatsa biyu, ta ɗora a madubi, ta bi shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu mai motsi a ɗakin.

"Babu komai," ta ce.

Kwana-Uku ya yi farat ya juya. "Ka ji ko, Baba? Ai tun jiya da safe na faɗa, babu cu..."

"Babu hanta," in ji Likita.

Mahauci ya buɗe baki ya kasa rufewa. Matar Kwana-Uku ta rufe fuska da gyale. Baba Direba ya dubi Likita, muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yata, yi mini magana yadda zan gane."

"Sai an sake allura, Baba. Babu wata hanya. Ka yi haƙuri."

Dattijon ya runtse ido, ya danne filastar da tafin hannu. Wallahi ya ba kowa tausayi, har Gwaggo sai da ta kau da kai. Da ya buɗe ido, ba Likita ya kalla ba.

"Ita wadda aka ciro ɗin, ina ta tafi?"

Gwaggo ta ɗaga yatsanta rinanne ta nuna hannun rigar Kwana-Uku. Ga wani ɗan layi nan ruwan ƙasa a kan farin yadi, bai kai tsawon farce ba.

Baba ya dogara sanda ya miƙe, ya ture hannun mahauci da ya zo taimaka masa. Ya taka har gaban surukinsa, ya sunkuya ya ƙare wa layin kallo.

"Tuɓe."

"Na'am, Baba?"

"Tuɓe rigar."

Kwana-Uku ya dubi matarsa, ta juya masa ƙeya. Ya dubi Likita, tana goge tabarau. Ya fara ɓalle maɓalli. Ashe saboda fushi matar ta ƙi goge masa rigar da yake sawa a ƙarƙashin ta aiki da safe, ba komai a ciki sai wata tsohuwar singileti mai huji uku, ɗaya daidai cibiya. Ma'aikatan da suka taru a bakin ƙofa suka fara tari irin na mai danne dariya.

Baba Direba ya karɓi rigar, ya ninke ta a hankali yadda layin zai kasance a ciki, ya danna ta a hammata. Ya ce wa Likita ta sa masa ranar allura, kuma Gwaggo kaɗai ya yarda ta taɓa abin da za a ciro. Ya kama hanya. Sai da ya kai ƙofa ya waiwayo ya dubi Ƙwararre tsaye a cikin singileti, hannu biyu a kan cibiya.

"'Yata na ba ka," in ji shi. "Ban haɗa maka da hantata ba."